Tambaya da Amsa: Shin Kyau Sai Mai Kuɗi?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar duk sun taru ne a kan abu ɗaya, wato abin da ido yake gani a gida da unguwa da jikin tufafi, da matsayin da ya kamata mu ba shi. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya, mun kuma taƙaita wasiƙun ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Malam, assalamu alaikum. Ni malamar makarantar firamare ce a birnin Kano, ina zaune da maigidana da 'ya'yanmu a gidan haya, ɗaki biyu da tsakar gidan da muke tarayya da maƙwabta. Da dare idan na gama aikace-aikace nakan ɗauki waya in yi ta kallon gidajen Dubai da lambunan Turkiyya da ɗakunan amaren masu hali. Idan na ajiye wayar na dubi inda nake, sai in ga ba komai sai ƙura da leda da kwata da bangon da fentinsa ya ɗaye. Abin har ya kai ba abin da yake ba ni sha'awa a unguwarmu. Shin akwai sauran abin kallo da ya rage wa talaka, ko kuwa shi ma kyau sai mai kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba zan ce miki abin da kika lissafa ba ya nan ba, domin yana nan. Ledar da iska take rataya wa a kan itatuwa da wayoyin lantarki, da kwatar da ta toshe tana wari a ƙofar gidajen mutane, da bolar da ake bari har ta cinye rabin titi, duk gaskiya ne, kuma abin kunya ne a gare mu da hukumomin da aka ɗora wa nauyin kwashe shara. Duk wanda ya ce ki kau da kai ki ce komai lafiya lau, bai yi miki adalci ba. Sai dai na lura abu biyu ne suka cakuɗe a wasiƙarki, kuma ya kamata a raba su: akwai munin da yake wurin da gaske, akwai kuma idon da ya gaji har ya daina ganin abin da ba muni ba.

Game da wayar, kallon kitse ake yi wa rogo. Wanda ya ɗauki hoton nan ya zaɓi inda zai tsaya, ya jira haske ya yi daidai, ya gyara launi, ya kawar da duk abin da ba ya so ki gani, kuma ba zai nuna miki bashin da aka ci kafin a cika ɗakin ba. Unguwarki kuwa kina ganinta ne gaba ɗaya, da safiyarta da tsakar ranarta, da ranar da aka yi shara da ranar da ba a yi ba. Idan kika ɗora waɗannan biyu a kan ma'auni ɗaya, unguwarki ce za ta faɗi kullum, ko da a ce ita ce ta fi kowace unguwa tsafta a jihar.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, a ƙasar Hausa kyau bai taɓa zama kayan masu kuɗi su kaɗai ba, saboda mafi yawansa a jikin kayan aikin yau da kullum aka zuba shi. Faifan da ake rufe ƙwaryar fura da shi zai kore ƙuda ko da ba a rina kabarsa ba, amma matar da ta saƙa shi ta ɗauki wahalar rina wata ja, wata baƙa, ta jera su zobe bayan zobe har suka haɗu a tsakiya ba tare da karkata ba. Ƙwarya za ta ɗauki nono ko ba zane a bayanta, amma sai ki ga an bi ta da wuƙa mai zafi an fitar da layuka da ƙananan kusurwoyi har bakinta. Haka tabarma, haka tulu, haka akushi, haka kuben wuƙar mahauci da linzamin dokin ƙauye. Waɗanda suka yi waɗannan abubuwa talakawa ne, waɗanda suka saya ma talakawa ne, kuma babu wanda ya tilasta musu ƙara adon. Sun ƙara ne saboda sun ɗauka abin da hannu zai taɓa kullum ya cancanci ya faranta wa ido.

Tunda a Kano kike, ina ba ki shawara ki samu wata Asabar ki je marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, ki nemi izini ki zauna kusa da marini ɗaya, kada ki yi gaggawa. Za ki ga ya tsoma farin ƙyalle a cikin ruwan baba da toka da aka bari ya tsima na kwanaki, ruwan da a ido baƙi ne mai kumfa, warinsa ma ba daɗi. Idan ya ɗago ƙyallen ba shuɗi za ki gani ba, kore-kore zai fito, sai iska ta buge shi sannan launin ya riƙa juyawa a gaban idonki har ya koma shuɗi. Zai sake tsomawa, ya ɗago, ya matse, ya bar iska ta sha, kuma kowace tsomawa tana ƙara wa launin duhu, shi ya sa marini yake sanin adadin da zai yi gwargwadon shuɗin da ake nema. Idan ƙyallen na ɗauri ne, irin wanda mata suke ƙullawa da zare a cikin gidaje kafin a kawo shi, sai bayan ya bushe a warware ƙullin, fararen zobba su bayyana a inda ruwan bai samu shiga ba. Daga nan ki bi ƙarar da za ki ji a gefe, ki leƙa wurin mabuga, inda suke ɗora ƙyalle a kan gungume suna dukansa da sanduna masu nauyi, bugun wannan yana shiga tsakanin bugun wancan, har ƙyallen ya yi santsi yana ƙyalli. Wannan aikin ne matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya tarar lokacin da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Za ki kuma ga ramukan rini da yawa an yi watsi da su, wasu shara ta cike su. Ban ɓoye miki wannan ba, domin haka lamarin yake a garuruwanmu: abin sha'awa da abin takaici suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kuma wanda ya ƙi dubawa saboda na biyun ya rasa na farkon.

Akwai kuma abin da ba a biyan ko kwabo a kalle shi. Darbejiyar da take bakin titinku, wadda ƙila ba ki taɓa ɗaga kai kin dube ta ba, tana fitar da ƙananan furanni farare idan zafi ya kama, kuma da dare ƙamshinsu yakan cika layi. Idan kika fita bayan gari da rani za ki ga gawo ya yi kore shar alhali sauran itatuwa sun kaɗe, domin shi da damina yake zubar da ganyensa, ya bar hatsin da aka shuka a ƙarƙashinsa ya sha rana. Gab da magariba balbelu sukan wuce a jere zuwa makwancinsu, kuma idan shamuwa ta bayyana, tsofaffi sun san ruwa ya kusa. Daren da aka ɗauke wuta a lokacin hunturu, idan hazo bai yi kauri ba, ki fito da yara tsakar gida ki nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, ki nuna musu Zara idan ta fito kusa da wata. Mutum ba ya cika lura da abin da bai san sunansa ba, kuma yaranmu na birni da yawa duk itace a wurinsu bishiya ce kawai, duk mai fiffike tsuntsu ne. Ke malama ce, kina da aji guda a hannunki. Ki sa kowane yaro ya tambayo kakarsa sunan itace ɗaya da tsuntsu ɗaya da ke unguwarsu, za ki sha mamakin abin da za su kawo, kuma ke ma idonki zai buɗe tare da nasu.

Sai abin da ya rage a hannunki. Tsakar gidan da aka share da sassafe, aka yayyafa mata ruwa, sawun tsintsiya yana kwance a ƙasa layi-layi, tana da kwarjinin da ba ruwansa da kuɗin haya. Ɗoɗɗoya tana tsiro a tsohon gwangwani, zogale da lalle ba sa neman fili mai yawa, farar ƙasa kuma ta fi fenti araha. Ki yi magana da matan gidan ku tsayar da rana ɗaya a mako ta gyaran kwatar ƙofar gida, ku sa mazan su shiga ciki, domin wannan ba aikin mata kaɗai ba ne.

Abu ɗaya na ƙarshe, kuma ina roƙon kada ki raina shi. Kin ce ba abin da yake ba ki sha'awa. Idan wannan ya wuce unguwa ya shafi abinci da hira da 'ya'yanki da abubuwan da kike so a da, barci ya lalace, jiki ya mutu, kuma ya kai mako biyu ko fiye a haka, to ki ga likita. Ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran ciwuka, ana warkewa daga gare shi, kuma ba alamar raunin imani ba ne.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Maraɗi. Ina son tsayawa kallon faɗuwar rana, ina son hula mai kyakkyawan aiki da turare mai daɗi. Abokina da muke karatu tare ya ce wannan duk son duniya ne da shagala, wai mai tsoron Allah ba ya kula da irin waɗannan abubuwa. Maganarsa ta dame ni. Haka abin yake?

Amsa: Ɗana, abokinka yana nufin alheri, amma ya faɗaɗa maganar fiye da inda ta tsaya. Tambayar da kake yi an riga an yi ta a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Annabi ya ce wanda yake da girman kai daidai da ƙwayar zarra a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Sai wani mutum ya ce, ai mutum yakan so tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau. Annabi ya amsa masa cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ka ga an raba abu biyun da abokinka ya haɗa.

Akwai wata aya da nake so ka karanta a natse, aya ta 6 a cikin Suratun Nahl. A ayar da ta gabace ta Allah yana lissafa amfanin dabbobin ni'ima, ya ambaci ɗumin da ake samu daga gare su da abincin da ake ci, a ayar da ta biyo baya kuma ya ambaci kayan da suke ɗauka zuwa garuruwa masu nisa. A tsakanin waɗannan sai ya ce kuna da ƙawa a cikinsu lokacin da kuke dawo da su da yamma da lokacin da kuke fita da su kiwo. Wato ganin garke yana dawowa gida da yamma, abin da kowane ɗan Maraɗi ya sani tun yana yaro, an lissafa shi a cikin ni'imomi tare da nama da sufuri. A Suratul A'araf, aya ta 31 da ta 32, an umarci 'yan Adam su riƙi adonsu a wurin kowane masallaci, aka kuma tambaya wane ne ya haramta adon da Allah ya fitar wa bayinsa. Ayoyin da suke kiran mutum ya dubi sama da duwatsu da raƙumi da saukar ruwa kuwa suna da yawa ƙwarai.

Ka kuma dubi abin da malamanmu na tsangaya suka yi da hannunsu. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin da ya fiƙe da kansa da tawadar da ya haɗa, bai tsaya a baƙi kaɗai ba: yakan sa wasula da ja, hamza da rawaya, alifin wasali da kore, ya yi zayyana a wuraren da aka raba hizbi, sannan baduku ya ɗinka masa gafaka mai ado. Yaron da ya sauke kuma allo mai zayyana ake yi masa. Waɗannan mutane ba za a ce ba su san tsoron Allah ba, kuma ba su ga saɓani tsakanin tsoron da adon ba.

Inda abokinka yake da gaskiya shi ne inda ita kanta aya ta 31 ta ƙare, wato ku ci ku sha kada ku yi ɓarna. Hular da aka ci bashi aka saya don a burge abokai, ankon da yake hana uwa barci saboda ba ta da kuɗinsa, kallon da za ka yi wa wanda rigarsa ta koɗe, tsayawa kallon rana har sallar magariba ta wuce ka, waɗannan su ne abin tsoro. Ka auna kanka da tambaya mai sauƙi: bayan ka ga abin da ya burge ka, zuciyarka godiya take yi ko raina wani? Idan akwai wani hukunci na musamman da ya shige maka duhu, kamar na irin tufar da ta halatta ga namiji, ka kai shi gaban malaminka na fiƙihu.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaci ne a Kaduna. Hular hannu ta yi tsada, ta inji kuma tana da araha, daga nesa ba mai bambanta su. Me zai sa in biya kuɗi mai yawa?

Amsa: Alhaji, idan aljihu bai kai ba, ka sayi ta inji ka sa abarka, ba laifi ko kaɗan. Amma kafin ka ce ba bambanci, ka karɓi hular hannu ka juya cikinta ka duba. Za ka ga sawun allura ɗaya bayan ɗaya, ka ga inda zare ya ƙare aka ɗaura wani, ka ga ƙananan ramukan da aka zagaye kowanne da zare shi kaɗai. Kafin a kai nan sai da wani ya zana fasalin a kan ƙyalle, wata ta yi makonni tana bin zanen a tsakanin girki da reno, sannan aka haɗa kai da jiki, aka wanke, aka sa sitaci, aka goge a kan gungume. Matan Bama da yawa da rikici ya raba da gidajensu suka zauna a Maiduguri, da wannan ɗinkin suka riƙa ciyar da 'ya'yansu. Babbar riga mai aska takwas da aka yi wa aikin hannu irin na Zariya kuwa takan ci watanni. Abin da nake roƙonka shi ne, ranar da ka yi niyyar sayen ta hannu, kada ka yi ta ragi har ka kai mai ita ƙasa, domin kuɗin da yake isa hannun wadda ta ɗinka kaɗan ne bayan dillali da mai wanki da mai shago sun cire nasu. Idan kana da hanyar sayen ta kai tsaye daga mai ɗinkin, wannan ya fi.

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar mana gidan ƙasa a cikin birnin Zariya, zaurensa yana da zane a fuska da zankwaye a sama, tun zamanin kakanmu. 'Yan uwana suna so a rushe a yi ginin bulo, sun ce gidan ƙasa alamar talauci ne kuma kullum cikin gyara ake. Ni raina bai so ba, amma na kasa faɗa musu dalili. Me kake gani?

Amsa: Allah ya ji ƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Malam, 'yan uwanka suna da hujja a rabin maganarsu, kuma sai ka amince da wannan rabin kafin su saurari naka. Gidan ƙasa yana son kulawa duk shekara, maginan da suka iya aikin sun yi ƙaranci, azara ta yi tsada, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda yake kwana a ɗakin da rufinsa yake ɗiga a watan Agusta ba zai ji daɗin a zo ana yi masa bayanin tarihi ba.

Amma cewa ginin ƙasa alamar talauci ne, wannan kam ban yarda ba, kuma a Zariya ya fi ko'ina rashin dacewa a faɗe shi. A garinku ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830, da tubali da azara, ya ɗaga bakan gizo masu tsayi, wato ginshiƙai masu lanƙwasa, ya ɗora musu rufi ba ƙarfe ba siminti. Masu nazarin gine-gine daga ƙasashe daban-daban sun yi rubutu a kansa, har aka gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. A Jamhuriyar Nijar kuma, masallacin ƙasa na garin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Zauren kakanku daga wannan gidan ilimi ya fito, ko da bai kai waɗannan girma ba.

Dalilin da ka kasa faɗa, bari in gwada faɗa maka shi. Na farko amfani ne tsagwaronsa: bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali ya sake shi da dare, shi ya sa zaure yake da sanyi da azahar a watan Afrilu, lokacin da ɗakin bulo mai rufin kwano ba ya shiguwa sai da fanka, fankar kuma sai da wuta. Na biyu shi ne zanen. Magini yana yin sa ne da hannu tun yaɓen yana ɗanye, yana tara ƙasa a nan yana rage ta a can, ya fitar da dagi da zobba da layukan da suke shiga juna, wasu maginan tsakiyar ƙarnin da ya wuce har keke da mota da jirgin sama suka sa a bangon masu gida. Da hantsi da la'asar, lokacin da rana take zuwa daga gefe, kowane tudu yana jefa inuwarsa, zanen ya fito raɗau, da tsakar rana kuma ya lafa. Babu gida biyu da suke da zane iri ɗaya, kuma idan aka sa gatari aka rushe wannan, ba kuɗin da zai dawo da shi, saboda hannun da ya yi shi ya daɗe a ƙasa. Na uku, wannan ado a waje aka yi shi, yana fuskantar titi. Kakanku ya kashe kuɗinsa ne a kan abin da mai wucewa da almajiri da mai talla za su fi shi kallo, kuma unguwar tana da rabo a cikinsa.

Shawarata ita ce kada ka nemi a bar gidan duka yadda yake, domin ba za ka yi nasara ba, kuma ba lalle ne ya zama daidai ba. Ka nemi a bar zaure da fuskar gida, a yi sabon gini a ciki inda iyali suke kwana. Ka samo tsohon magini ya duba azarar ko gara ta shige ta, ya duba indararo ko suna zubar da ruwa nesa da bango, ya duba gindin ginin, domin ruwan da yake kwanciya a gindi shi ne yake kayar da gidan ƙasa fiye da wanda yake sauka a kansa. Kada ku yarda a shafe bangon da siminti da sunan kare shi, saboda siminti ba ya kama ƙasa da kyau, yakan tsage, ruwa ya shiga ta bayansa ya kasa fita, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da zai zube. Yaɓen da ya dace da shi shi ne wanda aka san shi da shi, na makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, kuma a yi aikin da rani kafin ruwa ya sauka.

Ko da wace matsaya aka cimma, ka ɗauki hotunan zauren ciki da waje, da safe da yamma, ka tambayi tsofaffin unguwa sunan maginin da ya yi shi da shekarar da aka yi, ka rubuta ka ajiye. Sashen nazarin gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da ku, kuma ba laifi ka kai musu hotunan ka nemi shawararsu. Ka tuna kuma cewa gidan gado ne, haƙƙin magada ne gaba ɗaya, har da 'yan uwanka mata da mahaifiyarku idan tana raye, saboda haka kada a yanke hukunci a zaman maza su kaɗai. Idan ka je zaman, ka je da ƙiyasin kuɗin gyaran zaure daga bakin magini, ka ajiye shi kusa da ƙiyasin rushewa da sake ginawa, kuma idan kana da hali ka ce kai za ka ɗauki nauyin yaɓen shekara-shekara, domin shi ne abin da 'yan uwanka suka fi gudu.